Bosso da Jami'a: Wa Zai Zana Abin da Ke Bayan Katanga?

Minna ba ta girma a hankali irin na Kano ko Katsina ba, inda ganuwa da kasuwa da fada suka yi ɗaruruwan shekaru suna renon juna. Ita tsalle take yi. Wani abu zai zo daga waje a kafa shi, mutane su taru a gindinsa, kafin a ankara unguwa ta tashi. Sau uku hakan ta faru cikin shekara saba'in da 'yan kai: jirgin ƙasa, hedikwatar jiha, sai jami'a. A kan na ukun muke son tsayawa, domin mu mazauna ɓangaren Bosso shi ne ya shafi tukunyarmu. Amma sai an ɗan waiwayi na farko kafin a gane shi.

A 1911 Turawa suka kammala layin dogo daga Baro, a bakin kogin Neja, zuwa Kano. Bayan 'yan shekaru layin da ya taso daga Ikko ta Jebba ya zo ya haɗe da shi a nan. Ƙasar ta Gbagyi ce, waɗanda muke kira Gwarawa, suna zaune a duwatsun Paida da tsofaffin garuruwa irin su Bosso tun kafin kowa ya ji kukan jirgi. Tashar ce ta jawo kakanninmu: leburori, fatake, mahauta, maƙera, malamai da almajiransu, tare da Nufawa da Yarbawa da Ibo. Sunayen unguwannin ma sun isa su ba ka labari, ka ji Limawa, Kwangila, Maƙera, Unguwar Daji, Sabon Gari. Bature ya zana tasharsa da gidajen ma'aikatansa da unguwarsa da kyau. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Lugga, har ta ƙayyade a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Inda lebura zai kwana da inda ruwan wankansa zai bi kuwa, wannan ba shi ne ya hana Bature barci ba.

Kuma tun a lokacin an ga abin da ke samun garin da ya jingina da abu guda. Zungeru, maƙwabciyarmu, ita ce hedikwatar Arewa daga 1902, da aka kwashe mulki zuwa Kaduna wajen 1917 sai ta koma ƙaramin gari. Baro ma da jiragen ruwa da na ƙasa suka daina tsayawa haka ta yi shiru. Mu kanmu mun ga yadda kewayen tashar Minna ya yi sanyi da harkar jirgi ta lalace.

A Fabrairun 1976 Janar Murtala ya ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birni. A wannan karon an yi ƙoƙari. Gwamnati ta ɗauko kamfanin Max Lock, Baturen Ingila ɗin nan da ya yi wa Kaduna tsari a shekarun 1960, ya zana babbar taswirar raya Minna da aka yi nufin ta yi aiki daga 1979 zuwa 2000. Sai dai a lura da shekarun. Taswirar ta riga jami'a zuwa duniya. Ga shi kuma duwatsu sun tare garin ta gabas, suka tilasta masa miƙewa kamar igiya a kan titi guda, daga Chanchaga har Bosso, ya doshi Maikunkele. Duk abin da aka ɗora a kan wannan igiyar, nauyinsa kowa sai ya ji.

Ranar 1 ga Fabrairu 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, Minna, cikin jerin jami'o'in fasaha da gwamnatin Shagari ta buɗe, Farfesa J. O. Ndagi ne shugabanta na farko. Ba a gina mata gida ba, tsohuwar Kwalejin Horon Malamai ta Gwamnati da ke Bosso aka ba ta ta fara zama. A 1984 gwamnatin Buhari ta haɗe na Bauchi da Makurdi da Yola da Abeokuta da manyan jami'o'i, ta Minna ta tsira tare da na Owerri da Akure. Da an haɗa da ita, wataƙila da yau ba wannan zancen muke yi ba.

To, makarantar da aka gina don ɗaliban kwalejin malamai ba za ta iya kwanar da ɗaliban jami'a ba. Ɗakunan kwanan ciki suka cika, sauran suka fito neman haya, mu kuwa muna bakin ƙofa. Dattawanmu za su tuna yadda abin ya faro. Mai gida zai ba da ɗaki ɗaya a waje, ya ji daɗin kuɗin shekara a dunƙule, baɗi ya yanki tsakar gida ya ƙara biyu. Zaure, inda ake karatun allo da karɓar baƙi, aka fasa masa ƙofa ta titi ya zama shagon fotokwafi. Wanda ya sami ɗan jari ya je wajen dangin Gbagyi masu gona ya sayi fuloti, mai unguwa ya sa hannu, ya jera ɗakuna goma suna kallon juna da banɗaki ɗaya a ƙurya. Daga baya aka shiga yayin ɗaki mai banɗaki da kicin a ciki. Haka abin ya bazu ta Unguwar Biri da Hayin Gwari da Jikpan har Tudun Fulani.

Ba za mu yi butulci ba, an ci arziki. Mai shayi, mai tsire, tela, mai wanki da guga, ɗan acaɓa, matan da ke tuya a gida yara na kaiwa bakin ƙofar makaranta, kowa ya samu. Da kuɗin hayar ɗalibai wasu suka sauke farali, wasu suka aurar da 'ya'ya, kuma yaranmu da dama ganin ɗaliban nan ne ya sa musu kwaɗayin karatu. Amma kowa ginin gabansa ya yi. Wannan ya ci taku biyu na hanya, na gaba ya ce shi ma ba zai bar nasa ba, har aka wayi gari akwai lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, kai, ko makara sai an karkata ta. Rijiya a nan, shaddar maƙwabci taku kaɗan daga ita. Manyan magudanan ruwan da aka gina wa Minna a zamanin Janar Babangida sun ceci tsakiyar gari, amma ruwan lungunanmu sai ya ratsa ƙofar gidaje kafin ya iske su. A cikin katangar jami'a akwai tituna da bishiyoyi da tsari, a wajenta kuwa sai abin da hali ya yi.

Ita jami'ar tun farko ta san Bosso masauki ne. An ba ta fili mai faɗin hekta 10,650 a Gidan Kwano, kan hanyar Bida, Janar Babangida ya ƙaddamar da aikin a watan Yunin 1992. Aiki ya yi ta jan ƙafa, sai a tsakiyar shekarun 2000 ƙaura ta kankama, zamanin Farfesa Tukur Sa'ad. Abin sha'awa, shi kansa masanin zanen gine-gine ne, ya yi dogon bincike a kan maginan Hausa na gargajiya. Tsangayoyi suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ofishin shugaba ya koma can, masu kuɗi suka bi su da bulo da siminti. Je ka Gidan Kwano da Gidan Mangoro yau ka gani: abin da ya faru a Bosso ne ake maimaitawa, sai dai da bene. Gidajen haya sun cika gonaki, hanya da magudana sai daga baya a fara tunaninsu, in an yi.

Har yanzu akwai karatu a Bosso, ba a rufe ƙofa ba. Amma wanda ke da ɗakunan haya ya san ruwa ya ja baya. Yajin aikin malaman jami'a na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas cur, ya nuna mana yadda unguwar za ta kasance in babu ɗalibai: shaguna a kulle, masu Keke na hamma a bakin titi, ɗakuna sai ƙadangaru. Wancan na wucin gadi ne. Tambayar ita ce me za a yi da unguwar da aka gina kacokan don baƙon da ke tattara kayansa a hankali.

Wasu sun riga mu shiga wannan hali. A Amurka, Jami'ar Pennsylvania da ke birnin Filadelfiya ta gwada hanya biyu. A shekarun 1960, da sunan sabunta gari, aka rushe wata unguwar baƙar fata da ake kira Black Bottom don faɗaɗa harkokin jami'o'in wurin, aka watsa mazaunanta, jikokinsu na ƙorafi har gobe. A shekarun 1990, zamanin shugabancin Judith Rodin, suka canza salo: aka gyara tsofaffin gidaje, aka tallafa wa ma'aikata su sayi gida a cikin unguwa, aka haskaka tituna, aka haɗa hannu aka buɗe makarantar gwamnati ta yara. Unguwar ta farfaɗo. Amma ko a nan akwai ƙura, domin haya ta yi tsada har wasu talakawan suka tashi da ƙafarsu. Nan kusa kuma, Jami'ar Bayero ta koma sabon mazauninta a hanyar Gwarzo ba tare da ta saki tsohon ba, shi ya sa kewayen Kabuga bai mutu ba.

A ganinmu, abu na farko shi ne kada harabar Bosso ta zama kango. Ko wace hukuma ke riƙe da ita, a bar ta da mutane: karatun yamma, kwasa-kwasan sana'a, horon ma'aikata, asibiti. Fili irin wannan a tsakiyar gari, da bishiyoyinsa da filin wasansa, in aka yanka shi fuloti-fuloti ba zai dawo ba har abada. Sannan a duba gidajenmu. Ɗakunan da aka jera wa samari ba su dace da mai iyali ba, amma gwanin zane zai iya haɗe uku su zama ciki da falo, a rushe biyu a maido da tsakar gida, iska ta shiga, mata su sami wurin girki da shanya. Wannan ya fi rusau sauƙi, ya kuma fi shi mutunci. Abin takaici, jami'ar nan tana koyar da zanen gine-gine da tsara birane da safiyo. Shekara arba'in muna ba ɗalibanta ɗaki. Ba roƙo ba ne in muka ce su zo su auna lungunanmu, su zana mana inda ruwa zai bi da inda hanya za ta buɗe, mu zauna da su a kan taswirar kafin ta tafi Hukumar Raya Birane.

Sai maganar da ba ma son yi, wato takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma in an karɓi wuri don amfanin jama'a, abin da aka gina ko aka shuka a kai ake biya wa diyya. Da yawanmu abin da muke riƙe da shi yarjejeniyar ciniki ce da sa hannun mai unguwa, wata ma tun ta kaka, tana cikin adaka asu ya ci gefenta. Gidan gado ne, magada goma, ba sunan kowa a ofishin filaye. Tun da Gwamna Umaru Bago ya hau a 2023 ake ta faɗaɗa titunan Minna, kowa ya ga jan fenti a bangon wani. Mun kuma ga yadda aka tashi tsohuwar kasuwar tsakiyar gari aka mai da 'yan kasuwa kasuwar Kure: wanda sunansa ke rubuce ya fi saurin samun rumfa, ɗan raɓe kuwa sai da ya yi ta zarya. Ranar da za a zo gyaran Bosso, da littafin ofis za a yi lissafi.

Kuma kada mu je teburin nan mu kaɗai. Gbagyi ne suka ba kakanninmu wurin zama, gonakinsu ne suka zama ɗakunan hayarmu, yau ga na Gidan Kwano suna bin sahu. In mun je da kukanmu daban, su da nasu daban, sauran maƙwabta da nasu, mai biro zai saurari kowa ya yi abin da ya ga dama. Kwamitin unguwa zai iya fara aikin da ke hannunsa tun kafin damina: a bi gida-gida a rubuta wa ke da shaidar mallaka, wa ke da takardar mai unguwa kawai, ɗakuna nawa ne babu kowa, kuma a wane lungu ne ruwa ya shiga ɗaka bara.