Wa Ke da Sunan ".islam" a Intanet?

Kowane adireshin intanet yana da wutsiya, wato 'yan haruffan nan da ke bayan ɗigon ƙarshe: .com, ko .ng na Nijeriya, .ne na Nijar, .sa na nan Saudiyya. Hukumar da ke kula da rabon su ita ce ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998.

A 2012 ICANN ta buɗe ƙofa, ta ce duk mai hali ya nemi wutsiyar da yake so, kuɗin nema kaɗai dala 185,000. Takardu 1,930 suka shigo. Amma tun kafin a fara an keɓe wasu sunaye, an ce ba mai taɓa su. Cikinsu akwai Red Cross da Red Crescent, wadda a nan ake kira Hilal Ahmar, domin Yarjejeniyar Janiba ta 1949 ta riga ta ba su kariya. Mu ma'aikatan jinya mun san hikimar wannan: in ɗan damfara ya mallaki sunan ya buɗe shafin karɓar gudummawa, majinyata ne za su kwana ciki.

To, sunayen addini ba su shiga wannan jeri ba. Sai wani kamfanin Turkiyya, Asia Green IT System, ya nemi .islam da .halal. Ku duba fa, duk wanda aka ba wutsiya, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya tsaya a waje. Wato kamfani guda ne zai yanke wa ya cancanci adireshin da mai neman fatawa, ko mai fitar da zakka, ko uwa mai neman naman halal a Landan za su gani su saki jiki.

A watan Agusta na 2012 hukumar sadarwa ta Saudiyya, mai mazauni a nan Riyad, ta rubuta wa ICANN cewa ba ta yarda ba, don kamfani ɗaya ba zai wakilci Musulmin duniya ba. Ba ta tsaya kan namu kaɗai ba, har .catholic da .bible ta yi ƙorafi a kansu. Ƙungiyar OIC da ke Jidda, wadda Nijeriya da Nijar ke ciki, ita ma ta ƙi, ta kuma zartar da ƙuduri kan haka a taron ministocinta na Konakiri a Disamba 2013.

ICANN ta rasa ma'aunin da za ta auna da shi. A 2014 ta jingine maganar, ba i ba a'a. Kamfanin ya kai ƙara gaban kwamitin bin bahasi mai zaman kansa, wanda a 2017 ya ga laifin wannan jan ƙafa. Sai a Oktoba 2018 aka ce takardun biyu ba za su wuce ba. Shekara shida ke nan.

Bambancin a fili yake. Hilal Ahmar ta zo da rubutacciyar doka tun kafin kasuwa ta ci, mu kuwa sai da aka sa wa sunan kuɗi muka taso. Kuma hana kamfani ɗaya daban, keɓe suna daban. Da icce mai kama ake ƙota: in dai ana son .islam ya zauna lafiya, sai ƙasashen Musulmi sun daidaita kan wanda zai riƙe amanar da sharuɗɗanta a rubuce, tun kafin wani mai dala ya sake ƙwanƙwasa ƙofa.