Wa Ke da Alhakin Fikafikan C-130?

Mu da muka tsufa a rumfar gyaran jirage mun san takarda iri biyu. Jirgin farar hula, in aka gano aibi a samfurinsa, hukumar ƙasar da ta ƙera shi ce ke fitar da umarnin gyara na dole, kamar FAA a Amurka. Jirgin soja kuwa ba ya cikin wannan layin. Tun yarjejeniyar Chicago ta 1944, sashe na 3 ya ware jiragen soja, na kwastan da na 'yan sanda, ya bar wa kowace gwamnati nata. Shi ya sa sojan saman Amurka ke rubuta nasa umarnin, wanda muke kira TCTO.

C-130 ya fara tashi a 1954, sannan a 1965 FAA ta amince da L-100, ɗan'uwansa na farar hula. Ƙira kusan ɗaya, iyayen gida biyu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jirgin da ya bar gida ɗaya bai gama shiga ɗayan ba. A watan Yunin 2002, wani tsohon C-130A na soja da aka mayar na kashe gobarar daji yana zuba magani a Walker ta Kalifoniya, sai fikafikansa suka ɓalle, mutum uku suka rasu. Masu bincike sun sami tsagar gajiyar ƙarfe a tsakiyar fiffike. Soja ya riga ya sallami jirgin, littafin duban da ake bi na zamanin soja ne, aikin kuma ya fi wanda aka rubuta littafin dominsa wahala. Babu wanda ya zauna ya lissafa sauran kwanan ƙarfen.

Birtaniya ma sai da ta ji jiki. Jirgin sojanta na Nimrod ya kama da wuta a Afganistan a 2006, sojoji 14 suka mutu. Rahoton binciken hatsarin da Haddon-Cave ya fitar a 2009 bai raga wa kowa ba, kuma a 2010 aka kafa hukumar MAA mai sa ido kan jiragen soja, domin mai amfani da jirgi ya daina zama alƙalin kansa. A ganina wannan ne gyara mafi girma a wannan fanni.

Turai ta bi wata hanya da jirgin soja na A400M: hukumarta ta EASA ta ba shi shaidar farar hula a 2013, kayan aikin yaƙi kuma aka bar wa ƙasashen da suka saya. Ƙasashe irin Najeriya da Nijar, masu C-130, dole rundunarsu ta riƙa bibiyar sanarwar Lockheed, mai ƙera jirgin, da kanta, ta kuma mayar da ita umarni, don hukumar farar hula ba ta da hurumin tilasta mata.