Daga Katsina zuwa Jidda a jirgin sama: nisan tafiyar da sa'o'in da take ci

Tsakanin Filin Jirgin Sama na Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,470, idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya. Zuwa Madina kuwa, inda ake fara sauke yawancin alhazan Nijeriya a 'yan shekarun nan, tazarar ta kai kusan kilomita 3,600.

Babban jirgin fasinja yana cin kilomita 850 zuwa 900 a sa'a guda. Idan aka haɗa da lokacin tashi da na sauka, tafiyar takan ɗauki sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Hanyar tana ratsa kudu maso gabashin Nijar, ta bi ta Chadi da Sudan, sannan ta ƙetare Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da mahajjatan dā suke bi a ƙasa har zuwa Sawakin, wasunsu su yi shekaru kafin su ga Ka'aba.

Sai dai wannan lissafi yana tsayuwa ne kawai idan sararin samaniyar Sudan a buɗe yake. Da yaƙi ya ɓarke a ƙasar ranar 15 ga Afrilun 2023, ana dab da fara jigilar alhazai, an rufe sararin, dole jirage suka riƙa zagaye. Tafiyar ta ƙaru da sa'o'i, man da ake ƙonawa ya ƙaru, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. Rikicin da ake yi a Khartoum ya taɓa aljihun maniyyacin da ke Ƙofar Soro.

Akwai kuma batun agogo, wanda yakan ruɗa mutane. Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'o'i biyu. Jirgin da ya tashi daga Katsina da ƙarfe 10 na dare, ya yi sa'o'i biyar a sama, zai sauka da ƙarfe 5 na asuba agogon Saudiyya. Mai shan magani a kan ƙa'ida, musamman na ciwon suga ko hawan jini, ya kamata ya ƙirga sa'o'in da suka wuce maimakon ya dogara da agogon bango, kuma maganin ya kasance a jakar hannu.

Wanda za a sauke a Jidda ya wuce Makka kai tsaye, yana buƙatar shirya haraminsa tun kafin jirgi ya kai daidai miƙati. Wanda aka fara kai wa Madina kuwa, sai ranar tafiya Makka zai ɗauki harami a Zulhulaifa.

Tashi kai tsaye daga Katsina abu ne na lokacin aikin Hajji. A sauran watanni, mai niyyar Umara yakan nufi Kano ko Abuja, kuma idan jirginsa mai yada zango ne a Alƙahira ko Addis Ababa, tafiyar tana iya cinye yini guda.