Shekarar da Aka Rage wa Wayoyi Gudu Ba a Gaya wa Masu Su Ba

Akwai kukan da na saba ji a ɗakin malamai da wurin zaman iyaye, kuma kalmominsa kusan ba sa canzawa: tun ranar da waya ta nemi a sabunta manhajarta aka danna, batir bai sake kai mai ita la'asar ba. Daga nan sai wani ya yanke hukunci, ya ce ai da gangan kamfanoni suke kashe tsofaffin wayoyi don a sayi sababbi. Wani kuma ya ce zargi ne kawai na mai tsohuwar waya. Wannan gardama ta riga ta je gaban kotuna da hukumomi a ƙasashe da dama, an yi bincike, an ci tara, an biya diyya. Na ga ya dace in kawo mana tarihin, domin abin da aka gano ya shafi aljihun duk uban da ke saya wa ɗansa waya, da duk malamin da wayarsa ce ɗakin karatunsa.

Kafin labarin, sai mun san halin batir ɗin kansa. Wayoyin zamani suna aiki da batirin litiyom, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara fitarwa kasuwa a 1991. Mutum uku da suka aza harsashin aikin, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019. Batir ne mara nauyi mai ɗaukar wuta da yawa, amma yana tsufa da kowane caji. Kamfanin Apple da kansa ya faɗi cewa batirin wayoyinsa na wancan zamani an yi shi ne don ya riƙe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai yin caji kullum zai cika wannan adadi kafin shekara biyu.

Tsufan yana zuwa ta hanya biyu. Ta farko kowa ya san ta: wutar da batir ke ɗauka tana raguwa. Ta biyu ce ba a cika sani ba: tsohon batir ba ya iya ba da wuta mai yawa a lokaci guda. Kamar rijiya ce a tsakiyar rani. Akwai ruwa, amma a hankali yake tsattsafowa. In an zura ƙaramin guga a samu, in an zura babba sai a taɓo laka. Haka ƙwaƙwalwar waya take yi. In aka buɗe kyamara ko wani aiki mai nauyi, sai ta nemi wuta mai yawa farat ɗaya, tsohon batir ya kasa, wayar ta mutu nan take don ta kare kayan cikinta, ko da allo yana nuna saura kashi 30.

Wannan ne ya samu masu iPhone 6 da 6s a ƙarshen 2016. Koke ya yi yawa, musamman a ƙasar Sin, har ƙungiyar kare masu saye ta ƙasar ta nemi bayani daga kamfanin. A watan Nuwamba na shekarar, Apple ya ce wasu iPhone 6s ƙalilan da aka ƙera a Satumba da Oktoba na 2015 suna da matsala, kuma zai canza musu batir kyauta. Sai dai wayoyin da ke mutuwa sun wuce waɗannan.

A Janairun 2017 kamfanin ya fitar da sabuwar manhaja, iOS 10.2.1. A cikinta akwai wata dabara: in wayar ta lura batirinta ya tsufa, sai ta rage wa ƙwaƙwalwarta gudu don kada ta nemi abin da batir ba zai iya bayarwa ba, wato a ƙaranta gugan daidai da ruwan rijiyar. Dabarar ta yi aiki. Bayan wata guda kamfanin ya sanar cewa mutuwar ba zata ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a iPhone 6s, da fiye da kashi 70 a iPhone 6. Ya yi maganar sarrafa wuta a dunƙule, amma bai fito ya gaya wa masu wayoyin cewa abin da suka biya a madadin haka shi ne gudun wayarsu ba.

Sai aka kai Satumban 2017, aka fitar da iOS 11 lokaci ɗaya da sababbin wayoyi. Masu tsofaffin wayoyi da suka sabunta suka shiga kukan batir yana zuba kamar ruwa a kwando, waya kuma ta yi nauyi. Ka sa kanka a matsayin mutumin nan. Wayarsa tana jan ƙafa, caji ba ya kai shi yamma, ga tallan sabuwa a ko'ina. Ba wanda ya ce masa batir kaɗai ne ya gaji. Me zai yi in ba ya nufi kanti ba?

Asiri ya tonu a Disamban 2017. Wani mai iPhone 6s ya lura cewa da ya canza batir, gudun wayarsa ya dawo kamar sabuwa. John Poole, shugaban kamfanin Primate Labs na Kanada mai manhajar auna gudun waya da ake kira Geekbench, ya tattara sakamakon wayoyi masu yawa, ya nuna a ranar 18 ga wata cewa raguwar gudun ta fara ne daidai da iOS 10.2.1, kuma an kai ta ga iPhone 7 da iOS 11.2. Kwana biyu bayan haka Apple ya amsa cewa haka ne. Ranar 28 ga Disamba ya ba da haƙuri a rubuce, ya sauke kuɗin canza batir daga dalar Amurka 79 zuwa 29 har ƙarshen 2018, wato daga wajen jika 43 zuwa wajen jika 16 a canjin lokacin. A Maris na 2018, iOS 11.3 ta zo da wurin da mai waya zai duba lafiyar batirinsa, ya kuma kashe rage gudun in ya ga dama.

Abin da ya biyo baya shi ne shaida mafi ƙarfi a wurina. An ruwaito cewa a 2018 kamfanin ya canza batir kusan miliyan 11, alhali a shekarar da aka saba bai wuce miliyan 1 zuwa 2 ba. A farkon Janairun 2019, shugaban kamfanin Tim Cook ya rubuta wa masu hannun jari cewa cinikin iPhone bai kai yadda aka zata ba. Babban dalilin da ya kawo shi ne kasuwar Sin, amma cikin sauran dalilan ya lissafa mutanen da suka ci moriyar arahar batir. Ma'ana, da mutane suka san gaskiya, miliyoyinsu suka gyara abin da ke hannunsu suka ci gaba da amfani da shi.

Zargin cewa masu masana'antu suna gajarta ran kaya da gangan tsoho ne, kuma yana da tushe. A Disamban 1924 manyan masu ƙera ƙwan lantarki, cikinsu har da Osram da Philips, suka haɗu a Janeba suka kafa ƙawancen da ake kira Phoebus, suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya daɗe. Faransa ce ta mayar da irin wannan aiki laifi a dokarta ta Agustan 2015, da hukuncin ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300,000, wadda za a iya ɗagawa zuwa kashi 5 cikin 100 na cinikin kamfani. Da wannan doka ce wata ƙungiya mai suna HOP ta kai ƙarar Apple a ƙarshen 2017.

A ranar 7 ga Fabrairun 2020 hukumar Faransa mai yaƙi da algus a kasuwanci, DGCCRF, ta sanar cewa Apple ya amince ya biya yuro miliyan 25, sama da miliyar 16 na sefa, ya kuma ajiye sanarwa a shafinsa na Faransa tsawon wata guda. A nan nake so mu lura da kyau. Laifin da aka kama shi da shi bai zama gajarta ran waya da gangan ba. An kama shi ne da yaudarar mai saye ta hanyar yin shiru: bai gaya wa mutane cewa sabuntawar za ta iya rage gudun wayarsu ba, kuma wanda ya sabunta ba shi da hanyar komawa tsohuwar manhaja. Italiya ta riga ta ci Apple tarar yuro miliyan 10 a Oktoban 2018, ta kuma ci Samsung miliyan 5 kan sabuntawar da ta jigata Galaxy Note 4. A Amurka, Apple ya amince a 2020 da biyan har dala miliyan 500 ga masu wayoyin da suka haɗu suka kai ƙara, da wasu dala miliyan 113 ga jihohi sama da 30, ba tare da ya amsa laifi ba. Sai a Janairun 2024 kuɗin suka fara isa hannun mutane, wajen dala 92 kan kowace waya.

Hukuncin Faransa ya yi daidai da abin da muka sani a kasuwar dabbobi. Ba wanda zai ga laifin mai tsohon jaki in ya rage masa kaya, hasali ma tausayi ne. Amma in dillali ya san dabba tana da aibi ya rufe baki har aka yi ciniki, kowa ya san sunan abin da ya yi. Rage gudun waya mai tsohon batir dabara ce mai ma'ana, domin waya mai jinkiri ta fi wadda ke mutuwa a tsakiyar kira. Ɓoye ta ne ya hana mutum zaɓi tsakanin batir na jika kaɗan da waya ta ɗaruruwan jikuna.

Tarar ta canza hali. A Janairun 2025 Google ya fitar da sabuntawar da ta rage ƙarfin batirin wasu wayoyin Pixel 4a. Masu su sun fusata ƙwarai, amma wannan karon an sanar tun kafin a yi, an kuma ba su zaɓi tsakanin sabon batir kyauta, ko kuɗi, ko rangwame. Tarayyar Turai kuma, daga Yunin 2025, ta wajabta cewa batirin wayar da za a sayar a ƙasashenta ya riƙe kashi 80 bayan caji 800, a kuma ci gaba da samar da kayan gyara shekaru bayan an daina sayar da wayar.

To mu ina muka tsaya a wannan labari? Yawancinmu Tecno da Itel da Infinix da Samsung muke riƙewa, kuma iPhone ɗin da ke zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Yamai da yawansu na hannu ne, sun riga sun ci rabin ran batirinsu a wata ƙasa. Diyyar ta tafi ga waɗanda suke da doka da ƙungiya da lauya. Wanda ya gaji wayar a nan ya gaji tsohon batir ɗin kawai. Ga kuma zafi. Apple yana gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya lalata batir lalatar da ba ta gyaruwa, mu kuwa a Afrilu da Mayu digiri 40 abin yau da kullum ne. Batirin da zai yi shekara uku a Turai ba zai yi su a Tawa ba.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya zo ya ce waya ta mutu tun da aka sabunta ta, a dakata kafin a taɓa kuɗin hatsi ko na makaranta. A kwanakin farko bayan babbar sabuntawa, waya tana sake jera hotuna da fayiloli a ɓoye, shi ya sa take ɗumi tana shan caji; wannan yakan lafa cikin ƴan kwanaki. In mako ya wuce bai lafa ba, a duba wace manhaja ce ke cin wuta a sashen batir, a duba lafiyar batir ɗin in wayar tana nunawa, ko a kai wa mai gyara amintacce. Batirin da ya sauka ƙasa da kashi 80 canji yake so. Wanda ya kumbura har ya ɗaga murfi a daina yi masa caji nan take, domin yana iya kamawa da wuta. Kada a bar waya a rana ko a cikin mota, kada a yi mata caji a ƙarƙashin matashi. Wajen sayen ta hannu, a tambayi lafiyar batir kafin a tambayi kyamara. Kada kuma tsoro ya sa a ƙi sabuntawa gaba ɗaya, domin ta nan ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma yanzu kuɗinmu ma a waya suke.

Mu malamai kuwa, wannan tarihi darasi ne da ya isa a kai aji. Kamfani mafi arziki a duniya a lokacin ya ba da haƙuri ne saboda wani ya auna gudun wayarsa kafin canza batir da bayansa, wani ya tara ma'aunai ya kwatanta, wasu kuma suka san dokar ƙasarsu suka shigar da ƙara. Aunawa da kwatantawa da rubuta koke mai hujja duk abubuwa ne da muke koyarwa a kolej da lise. Ɗalibin da zai iya rubuta kashi nawa batirinsa ya sauka cikin awa guda, kwana bakwai a jere, ya riga ya fi ƙarfin mai cewa kawai an yi masa sihiri a waya, kuma zai yi wuya mai kanti ya sayar masa da sabuwa alhali batir ne ya gaji. Allah ya sa mu dace.