Sauyin 'yan wasa: Yadda koci ke juya akalar wasa

Sai a shekarar 1970 aka fara amincewa da sauya 'yan wasa a gasar cin kofin duniya, inda aka ba kowace ƙungiya damar sauya biyu.

An mayar da su uku a 1995, sannan biyar a 2020 saboda annobar korona, dokar da aka tabbatar a 2022.

Koci kan yi sauyi ne idan ɗan wasa ya ji rauni ko ya gaji, ko don ƙarfafa tsaron baya, ko kuma neman ƙwallo.

A wurare masu zafi kamar Hadejia, inda Jigawa Golden Stars ta taɓa karɓar baƙuncin wasanninta, zafin bazara kan haura digiri 40, don haka 'yan wasa kan gaji da wuri.

Sai dai wanda aka fitar ba ya komawa fili, shi ya sa kocin da ya yi gaggawar ƙarar da sauyinsa kan iya kammala wasa da mutum goma idan wani ya ji rauni.

A wasan ƙarshe na Olamfik na 1996, Jo Bonfrere ya sako Emmanuel Amunike daga benci, shi ne kuma ya ci ƙwallon da Najeriya ta doke Ajantina da ci 3-2.