Zaure Ɗaya, Sassa Da Yawa: Asalin Babban Gida a Ƙasar Rano

A Madachi da ƙauyukan da ke tsakanin Rano da Kibiya, ba kasafai ake gina gida a gama shi lokaci guda ba. Magidanci yakan fara da zaure da 'yan ɗakuna, ya kewaye fili mai faɗi da danga ko katanga. Ragowar filin na 'ya'yansa maza ne, duk wanda ya tashi aure a nuna masa inda zai kafa nasa sashen.

Tushen wannan tsari shi ne gandu. Tun kafin zuwan Turawa, a Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, uba da 'ya'yansa da ƙannensa gona ɗaya suke nomawa, kowa kuma da 'yar gayaunarsa. Mai gida ne ke ciyarwa daga rumbun gandu, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa samari aure. Tunda hatsin wuri ɗaya yake, dole masu cin sa su zauna kusa da rumbu.

Sai dai ɗaki na mai shi ne. Da kaka ta wuce, ango mai jiran gado zai haƙo ƙasa, a kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali a shanya. Abokai su zo gayya, magini ya ɗora bango, a jera azarar giginya, a shafe da makuba saboda ruwan sama. Wanda bai da hali ya yi jinka. Rijiya, zaure da turken dabbobi kuwa na kowa ne, haka ma gyaran katanga kafin damina.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, saurayi ya fara riƙe kuɗin kansa. Daga nan igiyar gandu ta soma sassautawa. Duk da haka, da Baturiya Polly Hill ta yi bincike a Ɗorayi, kusa da birnin Kano, a farkon shekarun 1970, ta tarar da gidajen da mutanen cikinsu suka kai ɗari. Ƙarancin fili ya sa 'yan'uwa ba sa watsewa ko bayan an raba gado.

A daidai wannan lokaci ne, a 1972, wasu iyalai 27 a Sættedammen ta ƙasar Danmak suka kafa unguwar da kowa ke da gidansa amma ana tarayya a fili da zauren cin abinci. Su abokai suka zaɓa, suka tsara komai a takarda, a ƙasar Rano kuwa jini da aure ne ke ba mutum wuri.

Madatsar Tiga da gwamnatin Audu Baƙo ta kammala a 1974 ta kawo noman rani a kudancin Kano, kuɗin mai suka kawo siminti da kwano. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, wani nauyin da ke ɗaure ɗa ga ubansa ya sauka. Yau sassa da yawa sun raba tukunya. Wanda ya je neman kuɗi Legas ko Abuja yakan aiko a buga masa bulo, a gina masa ciki da falo a gefen ɗakin ƙasa na mahaifiyarsa, wani ma ya fasa tasa ƙofar ta waje don shigar da babur.