Tuƙin Ƙananan Jirage a Dajin Alaska

Tuƙin ƙananan jirage a dajin Alaska sana'a ce ta kai mutane da kaya ƙauyukan da mota ba ta zuwa, a jihar da ta fi kowace girma a Amurka. Galibin ƙauyukan jihar ba su da hanya, don haka abinci da magani da wasiƙu ta sama suke isa, majinyaci ma ta sama ake fita da shi. A Fabrairun 1924 ne Carl Ben Eielson ya fara kai wasiƙu da jirgi, daga Fairbanks zuwa McGrath.

Sau da yawa filin saukar 'yar gajeriyar shimfiɗar tsakuwa ce, ko gaɓar kogi, ko tafki. Shi ya sa ake sauya wa jirgi ƙafa: manyan tayoyi masu laushi don tsakuwa, allunan zamiya don dusar ƙanƙara, masu kama da kwalekwale don ruwa. Piper Super Cub da de Havilland Beaver, wanda ya fara tashi a Kanada a 1947, sun yi suna saboda ɗan wuri kaɗan ya ishe su tashi da sauka.

Abin tsoron shi ne hazo da iskar tsakanin duwatsu. Ƙwararren matuƙi yakan kewaya filin ya duba da idonsa, in bai gamsu ba ya juya.